Silima ko falon gida: a ina kuka fi jin daɗin kallo?

Abu Hanif: Assalamu alaikum jama'a. Ƙanena ya matsa sai mun je silimar Ado Bayero Mall da ke Zoo Road a Kano ranar Sallah. Ni kuwa gani nake kuɗin tikiti da gugguru gara in sa data in yi kallona a kishingiɗe. Wanda ya ɗanɗana duka biyun ya ba mu labari.

Baba Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam. Ɗana, ni a zamanin gidajen silima na Plaza da Orion da Marhaba da Eldorado na yi samartaka. Fili ne a buɗe, sai duhu ya yi sannan a haska majigi. Fim ɗin Indiya ne ko na Canis, ba ma jin yarensu, amma ba abin da ke wuce mu. Da jarumi ya damƙi bos sai wuri ya kaure da ihu da fito, in aka zo waƙa kowa ya ɗauka, har wanda bai san ma'anar kalma ɗaya ba. Da damina ruwa ya sauko, wasu su gudu, wasu su zauna a jiƙe sai sun ga ƙarshe. Akwai hayaƙin taba, akwai 'yan daba, shi ya sa iyayenmu ba sa so. Amma wannan ihun na taro ban taɓa samunsa a falo ba.

Maman Ilham: Baba, Allah ya ƙara girma, amma daɗin nan na maza ne kaɗai. A lokacin, mace ta shiga silima sunanta ya ɓaci a unguwa, har miji ya yi mata wuya. Mu sai da bidiyo mai kaset ya shigo gidaje, fina-finan Hausa suka fara fitowa daga 1990, sannan muka samu rabonmu. A haɗa kuɗin haya, a taru a ɗakin amarya, yara a kan tabarma. Har yau gida na zaɓa. Ina tsayar da fim in duba tukunya, in yi sallah a kan lokaci, in aka zo wurin da bai kamata yara su gani ba in wuce shi.

Sadiya: Anti, yanzu kam an samu sauyi. Ni da maigidana muka je, muka tarar da iyalai har da yara. Abin da ya fi burge ni, awa biyu wayata na jaka. A gida kuwa ga sallamar baƙi, ga ɗauke wuta ana tsakiyar kallo.

Mai Kyamara: Ni a Kannywood nake cin abinci, don haka abin yana taɓa ni. Da kasuwar faifan CD ta Ƙofar Wambai da Bata ta mutu, aka koma tura fim a waya, furodusa ya daina ganin kuɗinsa. Shi ya sa yawanci aka koma masu dogon zango a YouTube da Arewa24. Tikitin silima kuwa, wani kaso nasa yana isa ga waɗanda suka yi aikin. Kuma wallahi yana yi mini ciwo in ga hoton da muka kwana muna gyara wa haske ana kallonsa a waya mai fasasshen gilashi, sautin ma rabi ya tafi. Abu Hanif, ka raka ƙanenka, in da hali ku zaɓi na Hausa.

Ɗan Karkara: Ku da kuke birni ke da zaɓi. Garinmu gidan kallo kawai muke da shi, shi ma ƙwallo ake haskawa. In ina son fim sai ran kasuwa in kai wayata wurin masu turawa, in yi caji a shago, da dare mu kewaye ta ni da ƙannena.