Sabuwar waya ta mutu kwana tara da saye, wa ya taɓa shiga irin wannan?

Ɗan Garwa: Salamu alaikum 'yan uwa. Na sayi waya sabuwa dal a babbar kasuwar Garwa, jaka 65 na sefa, a gabana aka yage ledar kwalin. Daren kwana na tara na jona ta caji, da asuba na tarar ta yi zafi kamar an tsamo ta daga murhu, fuskarta baƙi ƙirin. Na koma wurin mai shagon, ya jujjuya ta, ya ce zafin gari ne. Sannan ya nuna min ƙasan rasit, inda aka rubuta da Faransanci wai kayan da aka sayar ba a mayarwa, ba a musanyawa. Wa ya taɓa karɓo haƙƙinsa a irin wannan?

Maman Biyu, Marwa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ni tawa lasifika ce ta mutu a sati na biyu. Garaje ya ja min. Na kai wa wani yaro mai gyara a bakin tasha, ya buɗe bayanta, bai gyara komai ba. Da na je ofishin garanti, kallo ɗaya suka yi wa sukurorin suka ce an taɓa ta, ba ruwansu. Don Allah kada ka bari kowa ya sa mata hannu.

Mai Gyaran Waya, Ngaundere: Gaskiyar Hajiya ce, kuma ni da sana'ar nake faɗa. Akwai ɗan tambari a kan sukuro, akwai kuma wata 'yar farar takarda a ciki da ke komawa ja idan ruwa ya shiga. Su ake fara dubawa. Malam, duba lambar IMEI, wato lambar shaidar kowace waya, da ke jikin kwalin, ka ga ko mai shagon ya rubuta ta a rasit. Yawancinsu "waya 1" kawai suke rubutawa da kuɗi, gobe ya ce ba tasa ba ce. Masu shirin saye, ku danna *#06# tun kuna tsaye a shagon, lambar wayar za ta fito, ku gwada da ta kwali. Na sha ganin kwali daban, waya daban. Manyan kamfanoni kan ba da garantin wata 12, amma wayar da ta shigo ta Mubi ko Banki wani lokaci garantinta na can Najeriya ne.

Malamin Makaranta, Garwa: Wannan rubutun ƙasan rasit kada ya firgita ka. Kamaru na da dokar kare mai saye, mai lamba 2011/012, ta ranar 6 ga Mayun 2011, kuma ta soke duk sharaɗin da mai sayarwa zai kafa don ya zame daga alhakin aibin kayansa. Ni na kai ƙorafi ofishin ma'aikatar kasuwanci na jiha da kwafin rasit. Sawu uku na yi, kuɗin mashin kaɗai ya ishe ni, amma da takardar kira ta isa shagon, washegari aka musanya min.

Ɗan Kusseri: Ku kuna da gata. Ni a Njamena na sayi tawa, na tsallako gadar Ngeli da ita ba ko rasit. Da batir ya kumbura na koma, mutumin ya ce bai taɓa ganin fuskata ba. Na bar shi da Allah.

Baba Alhaji, Garwa: Yaro, kafin ofis, ka nemi shugaban 'yan waya na kasuwar. Ko a fikihu an san mayar da kaya saboda aibin da mai saye bai gani ba, kuma ɗan kasuwa ya fi jin kunyar abokan layinsa a kan takarda. Haka na yi lokacin wayar jikata. Ka je da kwali da caja da rasit, ka rage murya.

Ɗan Garwa: Na gode, Allah ya saka. Baba, na bi shawararka yau bayan azahar. Malam mai gyara, lambar tana kan rasit, ashe yaron shagon ya rubuta ta a baya da jan biro. Da shugaban ya gwada ta da ta kwali, mai shagon ya sauko. Kuɗi dai ya ce ba zai mayar ba. Ya karɓi wayar zai tura Duwala, wai sati biyu, ya ba ni wata 'yar ƙarama mai madannai in riƙe. Na sa ya rubuta ranar da ya karɓa, ya sa hannu.

Maman Biyu, Marwa: Ka cire layinka da memori dai ko?

Ɗan Garwa: Layi na cire. Memorin yana ciki, Hajiya. Bari in kira shi tun bai rufe shago ba.