Jituwa ko dunƙulewa? Neman sunan abin da agoguna da ƙwayoyin zarra ke yi

1/ Jama'a, ina fassara darasin fiziks, kalma biyu sun tsaya mini a wuya: "sinkuronaizeshan" da "kondanset". Da farko na so in ba su suna ɗaya in huta. Ashe ba za ta yiwu ba.

2/ Ta farkon tsohuwa ce. A 1665 Christiaan Huygens, mutumin Holan, yana kwance ba lafiya, sai ya lura agoguna biyu masu lilo da ya rataya a katako ɗaya suna kaɗawa tare, wannan ya yi dama, wancan ya yi hagu. Ya hargitsa su, cikin kamar rabin awa suka koma yadda suke. Katakon ne ke kai ɗan girgizar wannan ga wancan. A 1975 Yoshiki Kuramoto na Japan ya fitar da lissafin abin: idan jin juna ya kai wani mizani, sai taron ya kama taki ɗaya.

3/ Wani ya ce a kira shi "haɗin baki". Malam, ai da jin wannan sai a ɗauka agogunan makirci suke ƙullawa. Ni "jituwa" ta fi kwanta mini, "jituwar kaɗawa". Masu jituwa kowa na nan da kansa, za ka iya nuna agogo da yatsa ka ce wannan ne na hagu.

4/ Ta biyun ce mai wuya. Satyendra Nath Bose da Einstein suka hango ta a 1924 zuwa 1925, amma sai 1995 Eric Cornell da Carl Wieman suka samar da ita a Boulder ta Amurka: ƙwayoyin zarra na wani ƙarfe mai suna rubidiyam kamar 2,000, an sanyaya su zuwa kusan nanokelbin 170, wato ɗan burbushin digiri ɗaya sama da ƙarshen sanyi, wanda yake digiri 273.15 ƙasa da sifili a ma'aunin Salsiyas. A fiziks kowace ƙwaya tana da halin taguwa, kamar taguwar ruwa; a irin wannan sanyi taguwar kowace ƙwaya tana faɗaɗa har ta shiga ta maƙwabciyarta, sai akasarinsu su faɗa hali ɗaya, taguwa ɗaya ta wadatar wajen bayyana su. Wace ce wace? Tambayar ma ba ta da ma'ana.

5/ Akwai kama, ban musa ba. Dukansu suna da mizanin da tsari ke ɓullowa idan an tsallake shi. Amma ga inda suka raba hanya: cire katakon Huygens, jituwa ta watse. A lissafin Einstein kuwa ƙwayoyin ba sa ko taɓa juna, amma abin yana faruwa, domin asalinsa rashin bambanci ne a tsakaninsu. To yaya za a ce sun jitu alhali ba su ma ji juna ba?

6/ An kawo "daskarewa". Na ƙi, don mai karatu zai hango ƙanƙara, alhali kuwa wata irin iska ce da ta fi wadda muke shaƙa tsinkewa sau dubbai.

7/ Na tsaya a kan "dunƙulewa": "dunƙulewar Bose da Einstein", abin da ya samu kuma "dunƙulen zarra". Ita ma da ɗan saura, tana sa a zaci curi mai tauri. Haka zan saka a darasin, da layi ɗaya na bayani a ƙasa, sai dai in wani malami ya zo da wadda ta fi ta kafin in miƙa.