Me ya sa fina-finan Nagisa Oshima suke tayar da ƙura?

Mai_Kallo: Jama'a, ina son fara kallon fina-finan Oshima, daraktan nan ɗan Japan. Daga ina zan fara, kuma me ya haɗa shi da hukuma?

Ɗan_Majigi: Malam, fara da Koshikei na 1968. An rataye wani ɗan Koriya, sai ya ƙi mutuwa, jami'ai suka rasa yadda doka ta ce a yi. Tun 1960 ma kamfanin Shochiku ya janye fim ɗinsa Nihon no Yoru to Kiri 'yan kwanaki bayan fitowarsa, shi kuwa ya bar musu kamfanin.

Baban_Hoto: Babbar rigimar ta Ai no Corrida ce, 1976, labarin Sada Abe, matar da ta kashe masoyinta a 1936. Sashe na 175 na dokar laifukan Japan ya hana batsa, don haka a Kyoto aka ɗauka, aka kai fim ɗin Faransa aka wanke, aka tace. Amma kan littafin hotunan fim ɗin aka maka Oshima a kotu. Kotu ta wanke shi a 1979.

Ɗan_Majigi: Gaskiya kada ka fara da wannan, yana da nauyi. Ai no Borei ya fi sauƙi. Shi ya ba shi kyautar gwarzon darakta a bikin fina-finai na Cannes a Faransa, 1978.