Nazarin halin da ƙasa ke ciki: ta ina ake farawa, a ina ake tuntuɓe?

Sabuwar Hannu ta rubuta:

Assalamu alaikum, malamai. An ba ni kwantiragin kwana 45 in rubuta nazarin halin da wata ƙasa ke ciki, irin wanda hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ke yi kafin su tsara shirin haɗin gwiwa da gwamnati. Takardar sharuɗɗan aikin ta nemi abu uku: inda ƙasar ta kai a muradun ci gaba mai ɗorewa, haɗurran da ke iya mayar da hannun agogo baya, da mutanen da ake bari a baya. Rahotannin da aka turo mini sun haura ɗari. Ta ina zan kama bakin zaren? Yaya ake raba kwanakin? Kuma wane kuskure ne ya fi sa a dawo wa mutum da daftarinsa?

Mai Alƙaluma ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba da sa'a. Kada ki fara da karanta rahotannin nan ɗaya bayan ɗaya, za su cinye miki mako biyu ki tashi hannu rabbana. Fara da tebur guda. Ki jera ma'aunan da za ki yi aiki da su, a gaban kowanne ki rubuta inda adadin ya fito, shekarar da aka tattara shi (ba shekarar da aka buga rahoton ba), da kuma ko ana iya rarraba shi ta jinsi, yanki, shekaru da arziki, ko kuwa a dunƙule yake. Muradun nan da aka amince da su a 2015 guda 17 ne, da ƙudurori 169, da ma'aunai sama da 230. Ba mai bin su duka a kwana 45. Ki ɗauki kamar hamsin da ke da alƙaluma na lokuta biyu ko fiye, sauran ki faɗi ƙarara cewa babu bayanansu, domin rashin bayanan ma sakamako ne.

Rabon kwanaki da nake ganin ya dace: biyar na rahoton share fage, goma sha biyu na alƙaluma da karatu, goma na ganawa da mutane, goma na rubutu, takwas na gyara.

Wajen auna ci gaba, cewa "abu ya ragu" bai wadatar ba. A ce mace-macen yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun sauko daga 120 zuwa 100 cikin kowane 1,000 da aka haifa da rai, a tsawon shekara takwas. Raguwar kashi biyu da ɗoriya cikin ɗari ke nan a shekara. Abin da duniya ta ƙudura shi ne 25 nan da 2030. In daga lokacin binciken saura shekara goma, sai an riƙa rage kusan kashi 13 cikin ɗari duk shekara, wato gudun ya ninka kusan sau shida. Wannan lissafin shi ke raba "ana kan hanya" da "ana motsi amma ba za a isa ba".

Ga ramuka uku da ake yawan faɗawa. Adadin mace-macen yara da binciken DHS (binciken gida-gida kan jama'a da lafiya) ke bayarwa na shekaru biyar kafin binciken ne a matakin ƙasa, na shekaru goma a matakin yanki, don haka ba a jingina raguwarsa ga shirin da aka fara bara waccan. Layin talauci na Bankin Duniya kuma ya sauya: dala 1.90 a rana, sai 2.15 a 2022, sai dala 3 a 2025. Wanda ya haɗa adadin tsohon layi da na sabo zai ƙirƙiro hauhawar talaucin da ba ta faru ba. Na uku, alƙaluman ma'aikatu. In kika ga an yi wa kashi 110 cikin ɗari na yara rigakafi, ba abin murna ba ne, ƙidayar jama'ar da aka yi hasashe a kanta ce ta tsufa.

Malamar Bincike ta amsa:

Malam ya gama magana a kan alƙaluma. Ni babin waɗanda ake bari a baya zan tsaya, 'yar'uwa, don nan ne yawancin daftari ke faɗuwa. Abin da aka saba gani shi ne jeri: mata, matasa, yara, tsofaffi, masu nakasa, mazauna karkara. In kin tara su, kusan kowa ya shiga, kuma rahoton da ya ce kowa ne a baya bai nuna wa mai tsara shiri inda zai sa ƙafa ba.

Abubuwa biyar ake dubawa: wariya, wurin zama, halin arziki, yadda hukuma ke tafiyar da mulki, da yawan fuskantar bala'i. Aikinki shi ne nemo inda biyu ko uku suka haɗu a kan mutum guda. "Yara mata" rukuni ne mai faɗi. Yarinya 'yar shekara goma sha uku, a gida mai cikin kashi 20 mafi talauci, a yankin da makarantar sakandare ke da nisa, wadda safiyarta ke ƙarewa a hanyar ɗebo ruwa, ita ce ake nema. Ba za ki same ta a rahoton da aka buga ba, sai kin nemi ainihin bayanan binciken DHS ko MICS (binciken gida-gida kan halin yara da mata), kin haɗa jinsi da arziki da yanki da kanki. Ki nemi izinin sauke su tun ranar farko, yakan ɗauki 'yan kwanaki.

Amma a kula, duk rarrabawar da kika ƙara, yawan mutanen da ke ƙarƙashin adadin raguwa yake yi. Ƙa'idar DHS mai kyau ce a bi: in waɗanda aka tambaya tsakanin 25 da 49 ne, a sa adadin cikin baka don a san ba shi da ƙarfi, in ba su kai 25 ba, a ɓoye shi. Kada kuma a manta da nauyin samfuri, wato ƙimar da ake ba kowane gida gwargwadon jama'ar da yake wakilta, wajen lissafi, in ba haka ba ƙananan yankunan da aka ƙara musu gidaje da gangan za su karkatar da sakamakon ƙasa.

Mizanin talauci mai fuskoki da yawa, wanda UNDP, hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da cibiyar OPHI ta jami'ar Oxford suka fara fitarwa a 2010, yana taimakawa sosai. Ma'aunai goma ne a kan lafiya, ilimi da yanayin zama, kuma ana ɗaukar gida a matsayin matalauci in rashinsa ya kai sulusin nauyinsu. Amfaninsa shi ne ana warware shi, a ga cewa a wannan yankin makaranta ce matsalar, a wancan kuwa ruwa da makamashin girki.

Abin da ya fi damuna kuwa shi ne waɗanda binciken gida-gida ba ya kaiwa gare su tun asali: masu kwana a titi, makiyayan da ke tafiya da dabbobinsu, fursunoni, mazauna gidajen marayu, sau da yawa har da 'yan gudun hijira a sansani, da ƙauyukan da rashin tsaro ya hana masu bincike shiga. Su ne suka fi kowa zama a baya, kuma tebur ba ya nuna gurbinsu. Ki karanta shafin da ke bayanin yadda aka zaɓi gidaje, ki rubuta sunan kowane yanki da aka tsallake. Haka batun nakasa. In tambayar ita ce "akwai nakasasshe a gidan nan?", kunya da tsangwama za su sa adadin ya fito ɗan mitsitsi. Tambayoyi shida na rukunin Washington, na masana ƙididdigar nakasa, sun fi kama gaskiya, don wahalar da mutum ke sha suke tambaya: gani, ji, tafiya, tunawa, kula da kai, da fahimtar juna a magana. Kada a kwatanta sakamakon hanyoyin biyu.

Wajen ganawa, mutum shida zuwa goma a zama guda, mata daban maza daban, babu jami'in gwamnati ko mai sarauta a ɗakin, a yi magana da harshen mutanen, a kawo tafintan kurame inda ake buƙata. A nemi yardarsu kafin a ɗauki murya, kuma kada suna ko ƙauyen kowa ya shiga rahoto. Duk rashin da aka ambata, ki bi shi da "me ya sa" har sau uku, daga dalilin kusa zuwa na ƙarƙashi zuwa tushe. Yaro bai shiga makaranta ba don ba shi da takardar haihuwa. Ba shi da ita don ofishin rajista na da nisa. Ofishin na da nisa don ba a taɓa ware wa yankin kuɗinsa ba. Na ukun ne shiri zai iya gyarawa.

Dattijon Tsare-tsare ya amsa:

Madalla da bayanan nan. Sai dai ban yarda da Malam a kan kwana takwas na gyara ba. Kwanakin aiki takwas ne, amma a kalanda sukan kai mako biyar ko shida, don hukumomi da yawa ne za su karanta, kowace kuma tana son fanninta ya samu babi. Ki sa a rubuta cikin rahoton share fage cewa zagaye biyu ne na gyara, kuma mutum guda ne zai tattaro ra'ayoyin ya warware masu cin karo da juna kafin su iso gare ki. Kowane ra'ayi ki ba shi layi a tebur: an karɓa, an karɓi wani sashe, ko ba a karɓa ba ga dalili.

Batun haɗurra, abin da aka saba shi ne a ba kowanne maki ɗaya zuwa biyar a kan yiwuwarsa, da ɗaya zuwa biyar a kan munin tasirinsa, a ninka. Illar ita ce tsoron kuskure kan sa a shafa wa komai ja. Ki tilasta wa kanki fitar da biyar ko shida mafi girma. Kowanne ki faɗi wa zai fara bugewa, cikin wane lokaci, da alamar da za a riƙa dubawa: farashin abinci, darajar kuɗin ƙasa, ruwan sama, yawan masu barin gidajensu. Haɗari kuma ba ya zuwa shi kaɗai. Fari kan tayar da farashi, farashi ya sa a sayar da dabbobi a cire yara daga makaranta, ƙaura ta biyo baya, sannan rikicin ƙasar noma da ruwa inda aka sauka. Wannan sarƙar ce ya kamata ta haɗa babin haɗurra da babin da Malamar Bincike ta yi bayani. In babin biyu ba su ambaci mutane iri ɗaya ba, akwai wanda ya kauce.

Ba sai kin ƙirƙiri mizani ba. Mizanin haɗari na INFORM na ba ƙasa maki daga sifili zuwa goma a kan bala'i, rauni da ƙarancin ƙarfin jurewa. Tsarin IPC na auna ƙarancin abinci na da matakai biyar, daga na uku ake kiran lamarin matsananci. Nazarin bashin da Asusun Ba da Lamuni na Duniya da Bankin Duniya ke yi wa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi na nuna ko haɗarin kaɗan ne, matsakaici, babba, ko an riga an shiga ƙangi. A kasafi kuwa, kada ki tsaya kan abin da majalisar dokoki ta amince. Ki nemi abin da aka saki da abin da aka kashe, da kason kuɗin shiga da ruwan bashi ke cinyewa.

Sabuwar Hannu ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura guda: in gwamnati ta ƙi amincewa da wani adadi ko da ambaton wani rukuni a taron tantance daftarin fa?

Dattijon Tsare-tsare ya amsa:

Kada taron ya zama karo na farko da za su ga adadin, Malama. Ki zauna da hukumar ƙididdiga ta ƙasar tun mako na biyu, ki fara da alƙalumanta, sannan ki kawo na waje inda nata babu ko sun tsufa. In biyu suka saɓa, ki sa su gefe da gefe da jimla guda da ke bayyana dalili: shekara, ma'ana, ko hanyar lissafi. Batun wariya da haƙƙi kuwa, ki jingina shi ga yarjejeniyoyin da ƙasar ta sa wa hannu, da shawarwarin da ita da kanta ta karɓa a bitar da Majalisar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ke yi wa kowace ƙasa a Janiba duk shekara huɗu da rabi. Ana iya sassauta lafazi, amma ba a goge rukunin mutane daga rahoto. In aka matsa, hukuncin na babban jami'in Majalisar Ɗinkin Duniya a ƙasar ne, ba naki ba. Ki miƙa masa batun a rubuce tare da hujjojinki, ki kuma ajiye daftarin farko da kwanan watansa.