Wa ta taɓa neman maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa a asibiti cikin dare ko ranar hutu?

Maman Biyu, Pantami: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata bakwai ke nan da aka yi mini aiki aka ciro yarona, likita ya ce kada in sake ɗaukar ciki sai na huta shekara 2. Allurar tazarata ta wuce lokaci ban koma ba, sai ga maigida ya dawo daga tafiya daren Juma'a. Asabar da safe na garzaya wani asibiti a nan Gombe, sashen tazarar haihuwa a kulle. Na nufi emajensi, na yanki kati, na jira kusan awa biyu, nas ta ce wannan ba gaggawa ba ce, in dawo Litinin. Kunya ta hana ni gardama. A kemis na sayi Postinor-2 daga baya. Ni kaɗai ce haka ta faru da ni?

'Yar Kumo: Ba ke kaɗai ba ce, Maman Biyu. Nawa ya fi zafi, har yau in na tuna sai hawaye. 'Yar yayata ce, shekararta 15, wani azzalumi ya yi mata fyaɗe. Da muka kai ta cikin dare sai aka ce mu fara kawo takardar 'yan sanda. Mun je, mun dawo gari ya waye. An duba raunukanta, an ba ta maganin kariya daga HIV na kwana 28, Allah ya saka musu a kan wannan. Amma ko mutum ɗaya bai ambaci maganar ciki ba, mu kuma ba mu san akwai abin da ake sha ba. Sai kwana shida bayan nan wata maƙwabciya ta tambaye ni ko an ba ta. Makonni uku muka yi ba barci har al'adarta ta zo. Yarinyar nan ko abinci ba ta iya ci.

Ungozoma, Bajoga: Innalillahi. Yaya, Allah ya bi mata haƙƙinta. Shekarata 11 a wannan aiki, kuma ina faɗa da babbar murya: ba daidai aka yi muku ba. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin kula da mai buƙatar gaggawa kan kowane dalili, takardar 'yan sanda tana iya biyo baya. Maganin nan da agogo yake tafiya. Ƙwayar levonorgestrel, wadda ke cikin Postinor, ana son a sha cikin awa 72, kuma gwargwadon saurin sha gwargwadon amfaninta. Akwai ulipristal da ke kaiwa kwana 5, sai robar mahaifa mai jan ƙarfe da ake sakawa cikin kwana 5, ita ce ta fi duka inganci. Matsalarmu, kayan suna cikin kabad ɗin sashen tazara, makulli kuma yana hannun wadda ta tashi aiki. Ni yanzu ina ware 'yan kaɗan in bar wa masu aikin dare.

Amaryar Bolari: Anti ki yi haƙuri da tambayata, wai ba zubar da ciki ba ne? Abin da ya hana ni sha ke nan.

Ungozoma, Bajoga: A'a ƙanwata. Jinkirta fitowar ƙwai yake yi don kada ya haɗu da maniyyi. In ciki ya riga ya shiga, ba ya fitar da shi. Mai shayarwa ma tana iya shan levonorgestrel. In kika yi amai cikin awa 2 da sha, ki sake shan wani. In al'ada ta yi jinkiri fiye da mako, ki yi gwaji. Ba ya kare cutar sanyi ko HIV, kuma ba a mai da shi maganin kullum.

Baban Ummi, Jekadafari: Ni na je saya wa iyalina da kaina. Mai kemis ya yi ta kallona har sai da na ce masa matata ce. Ku duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa kafin ku biya, akwai jabu a kasuwa.

Maman Biyu, Pantami: Na gode ƙwarai. Al'adata ta zo jiya, alhamdulillah. Gobe zan koma allura, kuma zan nemi ganin shugabar nas-nas in gaya mata abin da ya faru ranar Asabar ɗin. Yaya ta Kumo, ya jikin yarinyar yanzu? Ta koma makaranta?