Taƙaitawa: Siyasa, Zargin Makirci da Ƙin Rigakafi

Ga abin da na tsinta daga doguwar tattaunawar 'yan'uwa a Gusau.

1. Mafi yawa sun yarda cewa ƙin rigakafi yakan samo asali daga rashin amincewa da hukuma. An tuna cewa a 2003 Zamfara da Kano da Kaduna sun dakatar da ɗigon shan inna saboda jita-jitar yana hana haihuwa, har cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashe maƙwabta.

2. Wasu sun ce gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a Kano a 1996, lokacin annobar sanƙarau, ya bar tabo a zukatan iyaye, kuma a ganina wannan ƙorafi ya cancanci amsa.

3. Kan siyasa ra'ayi ya rabu. Wasu sun ce siyasa kan sa mutane ƙin yarda da kimiyya, suka kawo misalin Amurka, inda musanta sauyin yanayi ya fi yawa tsakanin magoya bayan jam'iyyar Republican. Wasu kuwa sun ce uwa a Anka tambayarta ɗaya ce: me ya sa ake bin gida-gida da ɗigo kyauta alhali babu maganin zazzaɓi a asibiti?

4. An ba ma'aikatan lafiya shawarar su riƙa bi ta hannun malamai da hakimai.