Mai Kalangu a Bakin Ƙofa: Muhawarar Zauren 'Yan Arewa Mazauna Legas

Kawu Mai Hula: Salamu alaikum. Jiya na ga abin da ya hana ni barci. An yi bikin 'yar ƙanena a Agege, aka kafa wa DJ rumfa da janareta, shi kuwa tsohon mai kalangu aka bar shi a bakin ƙofa shi da yaronsa. Ina kallo ya matse kalangun a hammata, yana ɗame igiyoyin yana sassautawa, ganga tana kiran sunan uban amarya sarai, wallahi ko waiwaye babu wanda ya yi. Da ya gaji aka miƙa masa shinkafa a leda. Mu baƙi a garin nan mun sayar da gadonmu. Ni nan zanna guda sai ta ci mini sati uku da allura, yaro ya zo ya ce ta inji ta fi araha.

Ɗan Agege: Kawu, da girmanka, amma su waye baƙin?

Kawu Mai Hula: Mu mana.

Ɗan Agege: Ka ce ku. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, a bayansa kakannin iyayenmu suka biyo goro suka sauka Agege. A nan aka binne kakana, a nan aka yanke cibiyar babana. Baƙon wa?

Na Alaba Rago: To ranar da aka hana acaɓa a 2022, an tambayi ina aka yanke cibiyar wani? Ko da aka rufe kasuwar Mile 12 a 2016? Idan rana ta ɓaci duk sunanmu ɗaya, aboki.

Ɗan Agege: Ku 'yan cirani ne kuka ja mana sunan.

Na Alaba Rago: Janye wannan kalma. Cirani ba sata ba ne. Kakan naka a jirgin sama ya zo?

Malamin Idi-Araba: Ku yi haƙuri. In tarihi ake so, unguwar Obalende ta girmi zancen goro. Tun 1863 Gwamna Glover ya haɗa rundunar Hausawa a Ikko, kuma sojoji ne asalin mazauna unguwar. Sunan ma da Yarbanci yana nufin sarki ne ya koro ni nan.

Na Alaba Rago: Ka ji! Wanda aka koro ai baƙo ne.

Hajiya Mai Waina: Malam, wai Ikko. Wa yake cewa Ikko yanzu in ba tsofaffi ba?

Malamin Idi-Araba: Hajiya, masu garin Eko suke cewa. Legas ɗin Turawan Fotugal ne suka laƙa.

Kawu Mai Hula: Jama'a, ni maganar mai kalangu nake yi.

Ɗan Agege: Kalangun ma ai gangan ce ta Yarbawa. Ku je kowane owambe, wato bikin Yarbawa, ku ga yadda ake liƙa wa mai ita.

Ɗan Mahauta: Subhanallahi! Kalangu kiɗan mahauta ne tun kaka da kakanni, da shi ake shelar an yi yanka, da shi ake zuga ɗan dambe. Ka shigo mayankar Oko-Oba ka faɗi haka. Ka ga illar tashi a nan ke nan, Hausar ma sai an sirka da "abi" da "sha".

Ɗan Agege: Yaya, ni dai ban taɓa zuwa Kano na roƙi masauki ba.

Ɗan Mahauta: Ni Bakatsine ne.

Hajiya Mai Waina: Shi ya sa 😂

Na Alaba Rago: Wani ya ce mini yawancin makaɗan nan sun koma gida.

Malamin Idi-Araba: Wane wani?

Na Alaba Rago: Wani dai.

Hajiya Mai Waina: Ni abin da ba ku faɗa ba, 'yan matanmu da ke yin lalle da kitso a kowace unguwa, har amaren Yarbawa layi suke bi. Shi ba gado ba ne don na mata ne? Kuma Kawu, hular da ka karɓa wanki tun kafin babbar salla, maigidana yana cigiya.

Kawu Mai Hula: Hajiya, wannan a same ni a shago.

Admin: To, an rufe. Taƙaitawa: an tabbatar da hujjojin tarihi cewa Hausawan Agege 'yan gida ne, kalmar baƙi kuskure ce, muna fatan Kawu zai janye. Wasu da suka zo jiya-jiya sun yi ƙoƙarin kawo rabuwar kai, Allah ya shirye su. Batun kiɗa kuwa, zamani riga ne, kuma duk wanda ya je bikin ya shaida DJ ya yi aikinsa tsaf.

Na Alaba Rago: Admin, DJ ɗin ba ɗan yayarka ba ne?

(Admin ya sauya saitin zaure: shugabanni kaɗai ke iya aika saƙo.)